Mu Karanta, Mu Kuma Faɗi Abin Da Muka Karanta

Muna godiya ga Edita da ya ba mu wannan fili domin mu tayar da wata magana wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, ita ce maganar karatun littattafai a tsakaninmu, mu da ake kira ɗaliban jami'a. Kada wani ya ɗauka da shi muke, domin mu masu wannan rubutu mu ne na farko cikin masu laifin.

Duk wanda ya shiga laburare saura mako biyu a fara jarrabawa, zai ce lalle ƙasar nan ta yi dace da manyan gobe. Ba masaka tsinke, kowa ya duƙufa. Amma ya leƙa ya ga abin da ke gaban kowannenmu: takardun lacca ne da aka kwafa, da tambayoyin shekarun baya. Manyan littattafan da ke jere a kan katako kuwa ƙura ta lulluɓe su. Ran da aka rubuta takarda ta ƙarshe, sai ɗakin ya koma kamar kasuwar da ta watse. A shekarar 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda abin ya rutsa da su cikinmu su tambayi kansu tsakani da Allah, littafi nawa suka karanta daga farko har ƙarshe a wannan dogon zama? Mun san amsar, domin mun tambayi junanmu a ɗakin kwana, kowa ya sunkuyar da kai.

Wani zai ce ai ba sabon abu ba ne, Bahaushe dama ba ya son karatu. Wannan zance ba mu yarda da shi ba, tarihi ma bai yarda ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar littattafai masu ɗimbin yawa, wasu ma a tsakiyar yaƙi da hijira aka rubuta su. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma aika jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata. Har gobe ɗalibin zaure yana fara Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, ba don wata takardar shaida da za a ba shi ba. Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin wani malami zai ga gefen kowane shafi cike da ƙananan rubutu, inda mai littafin ya fassara kalma, ko ya kawo maganar wani malami, ko ya nuna inda bai gamsu ba. Wato kakanninmu da alƙalami a hannu suke karatu, suna mayar wa littafi magana.

Ko a ɓangaren boko ma haka abin ya faro. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma 21. Sa'o'inmu ne, malaman makarantar midil, ba su da digiri, ba su da lantarki irin namu. Abin da suke da shi shi ne yawan karatu, shi ya sa da aka ce su rubuta, suka sami abin rubutawa. Bayan shekara shida, a 1939, Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, mutane suka dinga aiko da wasiƙu daga ko'ina suna muhawara a cikinta.

Mun san akwai uzuri. Littafi ya yi tsada, kuɗin da ake aiko mana daga gida ko abinci ba ya isa, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Duk gaskiya ne. To, amma kuɗin da muke zuba wa waya a wata guda zai sayi littafi, lokacin da muke ɓatawa muna kallonta kuwa ya isa a karanta shafi ashirin kowace rana. Shafi ashirin a kullum, littafi ne mai shafi ɗari shida a wata. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Amma karatu kaɗai bai wadatar ba, nan ne muke so a tsaya a dube mu da kyau. Littafin da aka karanta ba a yi maganarsa ba, kamar hatsi ne da aka zuba a rumbu aka liƙe, har gara ta cinye. Muna buƙatar al'adar rubuta sharhi a kan abin da muka karanta, domin dalilai uku. Na farko, wanda ya zauna zai rubuta ra'ayinsa a kan littafi, a nan zai gane ko ya fahimce shi ko kuwa ido kawai ya bi layi. Na biyu, sharhi shi ne ɗan aiken da ke kai labarin littafi ga wanda bai gan shi ba. Da yawanmu ba mu taɓa jin Turmin Danya ko Tsumangiyar Kan Hanya ko Ƙarshen Alewa Ƙasa ba, alhali littattafai ne na farkon shekarun 1980 da suka taɓo fasa-ƙwauri da haɗarin mota da sauran cututtukan da har yanzu ba mu rabu da su ba. Na uku, marubuci yana buƙatar mai gaya masa gaskiya.

Wannan dalili na uku shi ya fi nauyi. Tun tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata, musamman a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, har dubban matan aure da 'yan mata suka kama karatu ta dalilinsu. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da wasunsu suka yi ta fafatawa a jaridu a kan darajar waɗannan littattafai, kowa da hujjarsa, jama'a suka ƙaru. A 2007 kuwa aka tara wasu daga cikin irin littattafan nan a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Mu dai muhawarar muka zaɓa, domin toka ba ta koya wa marubuci inda ya kauce, ba ta kuma koya wa mai karatu yadda zai tsince tsaba daga tsakuwa.

Sharhin da muke nufi ba wani abu ne mai wuya ba. A faɗi sunan littafi da marubucinsa da shekarar da aka buga shi. A kawo abin da ya ƙunsa a taƙaice, ba tare da tona ƙarshen labari ba. Sa'an nan a faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza, kowanne da hujja daga cikin littafin. Ban da kirari don marubuci abokinmu ne ko malaminmu, ban da cin mutunci don mun saɓa da shi a aƙida ko siyasa. Shafi ɗaya ya isa.

Ga yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, wannan magana ta shafe ku fiye da kowa. Ku ne kuke rubuta rahoto da wasiƙa, ku ne kuke ba manya shawara a cikin fayil. Ma'aikacin da ya rufe littafi tun ranar da ya karɓi digiri, nan da shekara goma ba shi da abin da zai ba ƙasa sai sa hannu da jiran albashi, kuma talakan da ke can ƙauye shi zai ɗanɗana kuɗar shawarar da aka yanke cikin rashin sani.

Saboda haka muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta keɓe shafi biyu a kowace fitowa ta wannan mujalla domin sharhin littattafai, na Hausa da na Larabci da na Turanci duka. Muna roƙo kuma a kowane ɗakin kwana a sami mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi littafi ɗaya a wata, ya zagaya hannu, ranar Asabar ta ƙarshe a zauna a tattauna, a ɗora wa ɗaya rubuta abin da aka faɗa. Mu a namu ɗakin mun riga mun fara da Shaihu Umar, in Allah Ya yarda sharhinmu zai iso teburin Edita kafin fitowa ta gaba. Wanda ya ga mun yi kuskure ya ɗauko alƙalami ya gyara mana, za mu karɓa hannu biyu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.