Gudun Harsashi da Tsadarsa: Kallo Daga Gombe

A ranar 27 ga Yulin 1903, a Burmi da ke kusa da Bajoga ta yau, kibiya ta kashe Manjo Marsh, kwamandan rundunar Turawan da ta zo yaƙar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Dafin da aka shafa wa tsininta ne ya gama aikin, domin gudun kibiya shi kaɗai ba kullum yake isa ba. Bindigar Maxim da ke wancan ɓangaren kuwa ba ta buƙatar dafi. Guntun dalma ne kawai take tofarwa, amma da gudun da ya ninka na kibiya wajen sau goma, ɗaruruwa a cikin minti guda. Kafin rana ta faɗi Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa sun kwanta dama.

Lissafin da ya raba gardama a ranar shi ne manyan ƙasashe ke zuba wa biliyoyi a yanzu. Idan aka ninka nauyin abin jifa, ƙarfin bugunsa ya ninku sau biyu. Idan gudunsa aka ninka, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Saboda haka akwai matakin da in ƙarfe ya kai, ba sai an ɗura masa nakiya ba, karon kaɗai ya wadatar.

Sojan Najeriya ma ba baƙo ba ne a wannan fanni. Tankokin T-72 da yake da su, da VT-4 da suka iso daga Sin a 2020, suna iya harba wani siririn mashi na ƙarfen tungistin wanda babu abin fashewa a cikinsa. Yana fita da gudun da ya haura mita 1,500 a daƙiƙa, ya huda sulken tanka kamar yadda basilla ke huda fata. Sai dai abokin gaban da ke Sambisa da bakin Tafkin Chadi ba shi da rundunar tankoki. Babur gare shi da Hilux, kuma mashin da aka ƙera don sulke ba shi ne maganin mai babur ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin matasa a wayoyinsu shi ne bindigar lantarki. Maimakon albarushi, wuta ake saki ta bi ta wasu dogayen ƙarafa biyu, maganaɗisun da ya taso ya cilla harsashin da ke tsakaninsu. A Disambar 2010 rundunar ruwan Amurka ta yi wani harbin gwaji a Dahlgren wanda ƙarfinsa ya ninka na harsashin AK-47 fiye da sau 15,000. Aka yi ta shela cewa zamanin albarushi ya ƙare. A 2021, bayan an kashe kusan dala miliyan 500, sai aka jingine aikin. Bututun bindigar na cinyewa da wuri saboda zafi da gogayya, ga kuma cin wuta: an ƙiyasta cewa tana buƙatar wajen megawat 25 kafin ta riƙa harbi a kai a kai. Duk ƙarfin tashar lantarki ta madatsar Dadin Kowa megawat 40 ne. Ke nan bindiga ɗaya za ta lashe fiye da rabinsa, a jihar da mai walda a Jekadafari ke zaman jiran a kawo wuta.

Japan ba ta haƙura ba. Ta gwada tata ƙaramar bindigar a kan teku a 2023, ta kuma ɗora ta a jirgin gwaji mai suna Asuka a 2025, da gudun da ya wuce mita 2,000 a daƙiƙa. An ga wata makamanciyarta a kan jirgin ruwan Sin tun 2018. Rasha ta bi wata hanyar daban: makamin Oreshnik da ta harba kan birnin Dnipro na Yukiren a ranar 21 ga Nuwambar 2024, rahotanni sun ce kawunansa ba su ɗauke da nakiya.

Amma darasin da ya fi amfani yana cikin abin da Amurka ta tsinta daga aikin da ta jingine. Ta bar bindigar, ta riƙe harsashin. Wannan harsashi mai tsananin gudu, wanda ake iya sarrafa shi yana cikin tafiya, an gyara shi ya shiga bakin igwa ta gargajiya. A Satumbar 2020, a filin gwaji na White Sands, igwar M109 ta harba shi ya kakkaɓo wani jirgi marar matuƙi da ke kwaikwayon makami mai linzami. Dalilin ɗokin a fili yake: an yi masa kuɗi wajen dala 85,000, alhali makamin kariya na SM-2 na cin kusan dala miliyan biyu. Da rikicin Bahar Maliya ya ɓarke a ƙarshen 2023, jiragen yaƙin Amurka suka riƙa harba irin waɗannan makamai masu tsada kan jirage marasa matuƙa na 'yan Huthi da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ko mai arziki ya ji a jikinsa.

Najeriya ta fara shiga irin wannan tsaka mai wuya. A Disambar 2024 an ba da rahoton cewa mayaƙan ISWAP sun kai hari kan sansanin soja na Wajiroko, a ƙaramar hukumar Damboa, da ƙananan jirage marasa matuƙa irin na kasuwa, waɗanda aka ɗaura wa gurneti. Mutanen Gombe ba sa buƙatar a tuna musu cewa Borno ba nisa: sun ga Ashaka a Nuwambar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kwashe nakiya daga kamfanin siminti, sun kuma ga shigowarsu cikin gari a ranar 14 ga Fabrairun 2015. Jirgin da ake saya a shago ba a tare shi da jirgin yaƙi irin Super Tucano. Yukiren ta gano cewa tsohuwar bindigar Gepard ta Jamus, ƙirar shekarun 1970, na daga cikin abubuwan da suka fi yi mata maganin jirage marasa matuƙa na Shahed, saboda harsashinta na da araha kuma tana da na'urar hango abin da ke sama.

Don haka duk jami'in da ya dawo daga bajekolin makamai a Abu Dabi ko Istanbul yana zuba labarin bindigar lantarki, a saurare shi da kunne ɗaya. Tambayar da ta dace da aljihun ƙasar nan ita ce nawa kowane harbi ke ci, kuma wa ke ƙera harsashin. An kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, tare da kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Shekara sittin bayan nan, mafi yawan manyan harsasan da soja ke harbawa daga waje ake sayo su, da dala, kuma mai sayarwa na iya cewa a'a. Ya taɓa faɗa: a 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra, ana tsakiyar yaƙi.

Akwai kuma batun ƙarfen kansa. Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 cikin ɗari na tungistin ɗin duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta ƙara tsaurara sharuɗɗan fitar da shi. Duwatsun da ake tace shi daga cikinsu suna nan a tsaunukan Filato da Bauci da Riruwai ta jihar Kano, inda masu haƙa da diga da shebur ke sayar da su ɗanye ga dillalai.

Dokar DICON da aka sa wa hannu a Nuwambar 2023 ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai shida ke wakiltar Gombe a Abuja, kuma kasafin kuɗin tsaro ta gabansu yake wucewa duk shekara. Suna da hurumin neman a faɗa musu, da alƙaluma, harsashi nawa masana'antar Kaduna ta ƙera bara, da kuma sansanoni nawa a Arewa maso Gabas ke da abin kakkaɓo ƙaramin jirgi kafin ya saki kayansa.