Zauren da ke tambayar baƙo lambar NIN

A damunar 2022, lokacin da kogin Haɗejia ya tumbatsa har samarin gari suna kwana suna jera buhunan yashi a kan jinga, na sauka a wani masauki a cikin garin domin in aika rahoto. Sabis ɗin wayata yana zuwa yana ɗaukewa, ga hotunan gonakin shinkafa da ruwa ya shanye a yankin Auyo, ga edita yana jira. Mai karɓar baƙi ya ce akwai Wi-Fi kyauta. Ina haɗawa sai wani shafi ya buɗe da kansa, ya yi mini maraba da Turanci, sannan ya jera mini gurabe biyar: cikakken suna, lambar waya, imel, ranar haihuwa, da lambar NIN. Ka bar ɗaya, ƙofa ba ta buɗewa. Na cike su duka, don ƙarfe tara na dare ba lokacin gardama ba ne. Da safe na tambayi manaja ina bayanan suke tafiya. Ya ce wallahi shi ma bai sani ba, wanda ya haɗa musu na'urar ne ya tsara, kuma daga Kano ya zo.

Ba manajan kaɗai nake zargi ba. Abin da nake zargi shi ne ɗabi'ar da ta sa muke ganin yawan tambaya alamar wayewa ce.

Bari mu ga yadda shafin yake aiki. Duk wayar da ta shiga sabuwar Wi-Fi takan aika ɗan saƙon gwaji zuwa wani adireshi na Google ko na Apple, don ta tabbatar akwai intanet. Na'urar da ke rarraba intanet ɗin sai ta tare saƙon, ta mayar da nata shafin a madadinsa. Wato zaure ne, inda baƙo ke tsayawa kafin a ce masa ya shigo. Abin da za a tambaye shi a zauren kuwa zaɓin maigida ne. Na'urori irin na MikroTik suna iya buɗewa da taɓa maɓalli ɗaya, ko da 'yar lambar tikiti da ke mutuwa bayan kwana guda. Babu wani abu a cikin fasahar da ke buƙatar ranar da aka haife ka.

A Ingila ko Faransa, wataƙila ɓarnar ta tsaya a saƙonnin talla. A nan ba haka ba ne. Tun Disambar 2020 da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN, waɗannan lambobi biyu suka zama igiya ɗaya. Ga mai asusun OPay ko PalmPay, lambar wayarsa ita ce lambar asusunsa, sifilin farko kawai aka cire. Ɗan damfarar da zai kira dillalin kifi ko na shinkafa ya ce daga banki yake, me yake buƙata don a gaskata shi? Ya faɗi sunan mutum cikakke, ya faɗi ranar haihuwarsa, ya karanto masa NIN ɗinsa. Daga nan sai ya nemi lambobin da aka turo masa ta saƙo. Jerin da masaukin ya tara a kan wata kwamfuta da ba wanda ke kula da ita, shi ne ainihin jarin wannan sana'a.

Za a ce ai tsaro ne: idan wani ya aikata laifi da intanet ɗinmu, wa za mu nuna wa hukuma? Tambayar tana da nauyi, amsar ce ba ta da shi. Masauki yana da littafin baƙi a teburin shiga. Idan an ba mai ɗaki na bakwai tikitin da aka rubuta a gefen sunansa, an gama. Tsaron gaske yana wani wuri da baƙo ba ya gani: shin an raba hanyar baƙi da wadda na'urar POS da kyamarori da kwamfutar lissafi suke kai? Shin an hana wayar baƙo ganin wayar maƙwabcinsa? Shin an canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani? Waɗannan aiki ne na 'yan mintoci, amma ba sa burge maigida kamar shafi mai hoton gininsa da gurabe biyar.

Za a kuma ce ai baƙon ya amince, tunda ya taɓa akwatin yarda. A 2017 kamfanin Purple na Ingila ya ɓoye wani sharaɗi a shafinsa na shiga Wi-Fi, cewa duk wanda ya shiga ya yarda da aikin gayya na awa 1,000, har da wanke banɗakunan taro. Mutum fiye da 22,000 suka amince. Waɗannan da harshen uwarsu aka rubuta musu. To ina ga manomin Guri da ya kawo matarsa asibitin kuɗi, aka ɗora masa dogon Turancin lauyoyi a kan ƙaramar waya? Wannan ba yarda ba ce, ƙishirwa ce ta sa hannu.

Doka ma ba ta tare da mai tambayar. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce a karɓi bayanai don manufa bayyananniya, iya abin da manufar ke buƙata, kuma kada a riƙe su fiye da ƙima. Tarar ƙaramin mai tara bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma maigida ne zai amsa, ba yaron da ya zo daga Kano ba.

Tun da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, raba intanet ga baƙi ya daina zama abin manyan otal na Abuja. Asibiti, makaranta, ofishin ƙungiya, duk suna iya yi. Masu sa hannu a kan wannan aiki su ne ku da ke karanta wannan: likita, shugabar makaranta, akawu. Ku ce wa mai haɗawa ya rubuta jimla biyu da Hausa: barka da zuwa, ga tsawon lokacin da aka ba ka, ba ma ajiye komai naka. Idan ya ce tsarin ba ya yarda, ku ce ya nuna muku.

Bayan shekara biyu aiki ya sake kai ni masaukin nan. Shafin yana nan yadda na bar shi. A gurbin suna na rubuta Baƙo, a gurbin NIN na jera sifili goma sha ɗaya. Ya buɗe nan take, ya yi mini barka da zuwa.