Sha'anin Mota: In Maɓallan Rediyo Na Sitiyari Sun Ƙi Aiki

A Kwoi, hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba, idan kuɗin citta ya shigo hannu, ba a rasa masu sayen mota ta hannu, irin wadda ake kira Beljiyam. Sau da yawa mota lafiya lau, amma maɓallan ƙara murya da sauya tasha da ke jikin sitiyari ko motsi. To, kafin mai mota ya nufi Kafanchan neman mai wayarin, ya kamata ya binciki abu biyu.

Da fari ya dubi rediyon kansa, ko shi ne na asali. Rediyon tsofaffin motocin da aka ƙera domin Japan yana kama FM daga 76 zuwa 90 ne kawai, alhali tashoshin Nijeriya suna tsakanin 87.5 da 108, saboda haka dillalai kan cire shi su sa wani. Sabon kuwa bai san yaren maɓallan ba. A motoci da dama kowane maɓalli yana rage ƙarfin wutar da ke bin waya gwargwadon nasa, da haka rediyo ke gane wanda aka danna. Sai an haɗa wayar nan, an kuma koya wa rediyon maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Motocin baya-bayan nan da ke aika saƙo ta kwamfuta sai an sayo musu ƙaramin akwati mai fassara.

In rediyon na asali ne, sai ya danna oda. Idan ita ma shiru, ga kuma fitilar jakar iska a kunne, to magana ta girma. Bayan sitiyari akwai wata waya mai faɗi, naɗe kamar zaren kaset, wadda ke ɗauke da wutar maɓallan da ta oda da ta jakar iska gaba ɗaya. Juyi kamar biyar take iya yi. Bakanike ya kwance ƙafar mota, ya bar sitiyari yana juyawa sakaka, shi ke nan ta tsinke. Mai irin wannan mota yana kukan rashin labaran duniya, bai san cewa ranar haɗari jakar ba za ta buɗe ba.

Wayar nan ba a ɗinke ta, sauyawa ake yi. A cire kan batir tukuna, a dakata aƙalla daƙiƙa 90, a miƙe tayoyin gaba sosai kafin a ɗaura sabuwa. Soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kada a kuskura a sa masa mitar gwaji.