Waƙoƙin Ɗanƙwairo da kuɗin da ba su isa gida

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fada ɗan ƙasar Bakura wanda aka fi sani da Ɗanƙwairo Maradun, ya rasu a 1991, amma har gobe gidajen rediyo da wuraren biki ba su daina sa waƙoƙinsa ba. Haka ma na makaɗi Sa'idu Faru. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, waƙa tana da kariya shekara 70 bayan rasuwar mai ita, don haka ta Ɗanƙwairo tana nan har 2061.

Ƙungiyar MCSN, wadda hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, ta amince da ita, tana karɓar kuɗin lasisi daga rediyo, talabijin da otal-otal, ta cire na gudanarwa, ta raba saura bisa jerin waƙoƙin da aka sa. Nan gizo ke saƙar. Wanda bai yi rajista ba, ba ya cikin rabo, kuma makaɗan fada sun saba da kyautar sarki, ba takarda ba.

Ya kamata masarautun Talata Mafara, Bakura da Maradun su tara magadan makaɗansu, a rubuta waƙoƙin, a yi musu rajista.