Kimiyya a Sauƙaƙe: Yaushe Ƙirƙira Take Zama Sabuwa?

Sikelin auna manyan motoci ba ya faɗin nauyi cif-cif. Zafin rana, gudun mota da girgizar kaya duk suna karkatar da awonsa. Kuskuren tan ɗaya kan jawo wa direba tara, ko ya bar tirela mai kaya fiye da kima ta farfasa titi.

To, a ce ka ƙirƙiro dabarar ƙiyasta girman wannan kuskure, za a ba ka takardar mallakar fasaha? Dokar Najeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya wuce abin da kowane masani zai hango, kuma ya amfani masana'antu. Lissafin kuskure daɗaɗɗe ne. Tun 1805 Legendre na Faransa ya wallafa hanyarsa. Don haka ɗora tsohon lissafi kan sikeli da wuya ya wadatar, sai ka zo da abin da ba a riga ka ba.

In ka dace, kariyar shekara 20 ce. Amma kafin ka miƙa takardunka, kada ka baza sirrin a Facebook, domin abin da duniya ta gani ya daina zama sabo.