Ƙofofi uku da awaki biyu: darasin da ya kamata a kai makarantun Rido

A shekarar 1963 gidan talabijin na NBC a Amurka ya fara wani shirin gasa mai suna Let's Make a Deal, wanda Monty Hall, haifaffen ƙasar Kanada, yake gabatarwa. Daga wannan shiri aka samo wata tambayar wasa ƙwaƙwalwa da har gobe take haɗa masana gardama. Ƙofofi uku ne a rufe. Bayan ɗaya akwai sabuwar mota, bayan sauran biyun kuma awaki. Ɗan gasa ya zaɓi ƙofa ta ɗaya. Mai gabatarwa, wanda ya san inda motar take, sai ya buɗe ta uku, sai ga akuya tana tuƙa. Sannan ya tambaye shi: "Kana nan kan zaɓinka, ko za ka koma ta biyu?"

A garin Rido da ke gefen Kaduna dai akuya ba abin rainawa ba ce, balle idan Sallah ko Kirsimeti na ƙaratowa. Amma a ɗauka mota ake nema.

Yawancin mutane cewa suke yi duk ɗaya ne: ƙofofi biyu suka rage, kowacce rabi da rabi. Ba haka ba ne. Wanda ya canza zai samu motar sau biyu cikin uku, wanda ya kafe kuwa sau ɗaya kacal. Lokacin da ɗan gasa ya yi zaɓin farko, a makance ya yi, don haka sau biyu cikin uku akuya ya nuna. Duk sa'ad da ya nuna akuya kuwa, hannun mai gabatarwa a ɗaure yake: ba zai buɗe ƙofar mota ba, ba zai buɗe ta ɗan gasa ba, dole ya buɗe ta ɗaya akuyar. Ƙofar da ya tsallake, nan motar take. Wanda bai gamsu ba ya ƙaddara ƙofofin 100 ne, ya zaɓi guda, aka buɗe masa 98 duk awaki, aka bar ta 47 a rufe. Wa zai tsaya kan tasa?

Steve Selvin, masanin ƙididdiga, shi ya fara rubuta tambayar a mujallar The American Statistician a 1975, ba tare da ta tada ƙura ba. Ƙurar ta tashi ne a watan Satumba na 1990, da Marilyn vos Savant ta amsa ta a shafinta na mujallar Parade, ta ce a canza. Wasiƙu wajen 10,000 suka kwararo mata, kusan 1,000 daga masu digirin digirgir, akasari suna cewa ta yi kuskure, wasu har da gori. Ita ce da gaskiya. Shi kansa Paul Erdős, gwanin lissafi ɗan ƙasar Hungary, bai sallama ba sai da aka gwada masa wasan a kwamfuta sau da yawa. Abin dariya, a wani bincike da Walter Herbranson da Julia Schroeder suka wallafa a 2010, tattabaru sun koyi canza zaɓi bayan wata guda na gwaji, har suka fi mutane dacewa.

Sirrin yana ga sanin da mai gabatarwa yake da shi. Masu kallon talabijin a Najeriya za su tuna Deal or No Deal, wanda tsohon ɗan ƙwallo John Fashanu ya gabatar a 2007. A can ɗan gasa ne da kansa yake nuna akwatunan da za a buɗe, kuma bai san abin da ke ciki ba. Idan akwatuna biyu suka rage, to rabi da rabi ne na gaskiya, canji ba ya ƙara komai. Har ila yau, shi Monty Hall ya shaida wa jaridar New York Times a 1991 cewa a ainihin shirinsa ba dole ba ne ya ba kowa damar canji. Da zai riƙa tayin ne kawai idan mutum ya dace da mota, mai canzawa ya shiga uku.

Wannan ne ya sa tambayar ta wuce abin nishaɗi ga gari irin Rido, da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a gefen matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980. Kamar sauran unguwannin kudancin Kaduna, matashin da bai da aiki yana da waya a hannu, cacar ƙwallo kuma tana cikin wayar. Za a ji shi yana cewa ƙungiya kaza ta sha kashi sau uku a jere, yau dole ta ci. Bai taɓa tambayar kansa ba wa ya tsara farashin da aka nuna masa, me ya sani da shi bai sani ba, kuma me ya sa yake masa tayi. Limamai da fastoci suna wa'azi a kan caca, kuma wa'azin yana da muhallinsa. Sai dai yaron da ya ga da idonsa yadda tunaninsa ke yaudararsa ya fi wuyar kamuwa.

Lissafin yiwuwar aukuwar abu yana cikin manhajar WAEC da NECO, amma galibi hadda ake yi masa, a zubar da shi a ƙofar ɗakin jarrabawa. Gyaran ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Malamin lissafi ya samo gwangwanayen madara uku da ɗan dutse. Ɗalibi ɗaya ya ɓoye dutsen, ya zama mai gabatarwa, da sharaɗin kullum zai ɗaga gwangwanin da babu komai, kullum kuma zai yi tayin canji. Rabin aji su kafe, rabi su canza, kowane ɓangare ya buga sau 30, a rubuta sakamako a allo. Masu canzawa za su tashi da wajen 20, masu kafewa wajen 10.

Darasi ɗaya ya isa. Malaman lissafi na sakandaren Rido da Maraban Rido, a gwada shi a wannan zangon karatu, kuma a bar yaran su yi gardamarsu kafin a faɗa musu amsa.