Ɗalibi Mai Keken Guragu a Ƙasar Waje: Abin da Na Gani da Idona

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa masu karatu, a makon jiya wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina na Islamiyya, ya tare ni bayan sallar Isha'i yana neman shawara. Ɗansa ya sami gurbin karatun digiri na biyu a Ingila, amma cutar shan inna ta taɓa ƙafafunsa tun yana ƙarami, a kan keken guragu yake zirga-zirgarsa. Ya ce mini: "Malam, a nan gida ma sai ƙannensa sun ɗaga shi, to a can wa zai ɗaga shi?" Na ce: "Baba, ka yi masa addu'a ka bar shi ya tafi, amma da shiri." Na faɗi haka ne domin na yi shekara guda ina karatu a wani gari a arewacin Ingila, inda na yi maƙwabtaka da wani ɗan uwa ɗan Nijeriya mai irin wannan lalura.

Abin da doka ta tanada

A can, galibi ba a ɗaga mutum, hanya ake yi masa ya wuce da kansa. Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta gaji dokar hana wariya ga naƙasassu ta 1995, ta wajabta wa jami'o'i su yi gyaran da ya dace domin ɗalibi mai lalura, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Maƙwabcin nan nawa an ba shi ɗaki a ƙasan bene, mai faɗin ƙofa, da banɗaki mai ƙarafan dafawa da kujerar wanka. Da aka sanya wani darasinsa a tsohon ginin da ba shi da na'urar hawa bene, ajin gaba ɗaya aka mayar wani ɗaki. Motocin bas kuwa suna da faranti da ake shimfiɗowa daga ƙofa, keke ya gangara ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kyauta aka ba su wannan. A 2012 wani mai keke, Doug Paulley, ya kasa shiga bas mai zuwa birnin Leeds, saboda wata mata ta ƙi janye keken jaririnta daga gurbin da aka ware wa masu keken guragu. Ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a 2017 ta yanke cewa bai wadatar direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, dole ya ƙara matsawa. Shekara biyar mutum ɗaya yana bin haƙƙin wuri guda a cikin mota.

Abin da doka ba ta ɗauke ba

Duk da haka, rayuwar ɗan uwan nan lissafi ce daga safe har dare. Tafiyar da nake yi cikin minti goma, shi sai ya ware mata rabin awa, domin garin mai tuddai ne, kuma hannu ne injinsa. Idan ana ruwa, ƙarfen da yake turawa ya yi santsi, safar hannu ta jiƙe. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ranar da aka yi dusar ƙanƙara kuwa tayoyin gaba ba sa motsi, sai zaman ɗaki. Kafin ya hau jirgin ƙasa yakan sanar da ma'aikata, aƙalla awa biyu kafin tashi, don a tanadi farantin hawa da sauka. In ya je Landan, daga cikin tashoshi 272 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake shiga ba tare da matakala ba.

Sai batun kuɗi, wanda iyaye ba su cika sani ba. Akwai tallafin da gwamnati ke bai wa ɗalibai naƙasassu, amma galibi bai shafi baƙi ba, kuma bizar ɗalibi ta hana shi karɓar alawus ɗin naƙasa da 'yan ƙasa ke karɓa. Kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza ya kai fam 776 a shekara tun 2024. Biza ta yarda ɗalibi ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, sai dai ayyukan da 'yan uwanmu suka fi samu, irin su ɗaukar kaya a sito da kula da tsofaffi, na masu tsayuwa ne. Ran da tayar kekensa ta fashe, kwana biyu bai je aji ba, domin babu mai faci a bakin titi kamar yadda muka saba.

Ya taɓa gaya mini wata magana da ban manta ba. Ya ce a gida mutane sun yi masa yawa hanya ta yi masa kaɗan, a nan kuwa ƙofa na buɗe kanta amma yakan yi kwana uku babu wanda ya ƙwanƙwasa ɗakinsa.

Ƙofar masallaci

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, wurin da ya fi wahalar shiga a duk makonsa namu ne. Masallacin da ya fi kusa da mu tsohon gida ne aka mayar, da matakala huɗu a ƙofa, wurin alwala kuma a ƙarƙashin ƙasa. Kowace Juma'a sai ya yi alwala a ɗaki, ya riƙe ta, mu huɗu mu ɗaga shi da kekensa kamar buhu, jama'a na kallo. Wata rana wani bawan Allah ya ce tayoyin za su ɓata darduma. Daga ranar ya yi wata guda bai zo ba, kuma na yi kunyar cewa sai a mako na uku na je na tambaye shi dalili.

Mu da muka karanta fiƙihu mun san cewa asalin abubuwa tsarki ne har sai an tabbatar da najasa, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana. To me zai hana tayar da ƙyalle ɗaya ke gogewa shiga sahu? Gaskiya ne shari'a ta yi rangwame ga mai uzuri, amma rangwamen nasa ne, ya ɗauka ko ya bari. Bai zama hujjarmu ta barin matakala a ƙofa ba. Daga baya ɗalibai muka yi karo-karo muka sayi faranti mai naɗewa, kuɗin da kowa ya bayar bai kai na cefanen mako ba. Shekaru masallacin ya yi babu shi, don babu wanda ya tambayi mai keke abin da yake bukata.

Shawarata

Ga ɗalibin da ke shirin tafiya: ka rubuta wa ofishin kula da naƙasassu na jami'ar tun kafin ka biya kuɗi, ka nemi hoton ɗaki da awon ƙofofi a rubuce. Ka tambayi yanayin garin, tudu ne ko shimfiɗe. Ka tafi da rahoton likita, da tayoyi da kayan gyara. A jirgin sama za a karɓi kekenka a sa cikin kaya, don haka ka ɗauki hotonsa kafin ka miƙa, ka riƙe matashin zamanka a hannu. Kada ka ɓoye lalurarka don tsoron a hana ka gurbi, domin ɓoyewar ce ke hana a yi maka tanadi.

Ga 'yan uwa ɗalibai masu ƙafa: kada ka kama kekensa ka tura sai ka nemi izini, domin jikinsa ne. Ka tambaye shi game da karatunsa kafin ka tambaye shi game da ƙafarsa. In za a haɗa walima ko buɗa-baki, a fara duba ƙofar wurin.

Ga iyaye kuwa, ina tuna mana Sahabi Amru bin Jamuh (RA), wanda yake da gurguntaka, 'ya'yansa suka so hana shi fita yaƙin Uhudu saboda ƙauna, amma aka bar shi da zaɓinsa. Ƙauna takan zama shinge ba tare da mai ita ya sani ba. Ɗan uwan nan da nake ba ku labari ya kammala karatunsa ya dawo. Nijeriya ma ta sanya hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika a 2024. Na ƙirga matakalar Islamiyyarmu jiya, guda uku ne, kuma na sa maganar a taron malamai na wannan wata.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba ɗalibanmu na gida da na waje ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum.